Mota na karkarwa a silo tana shaƙewa: wace sikana za ka saya?

Duk wanda motarsa ta taɓa yi mishi wannan ciwon ya san haushinsa, ka tsaya a danja sitiyari na rawa a hannunka, allura na hawa tana sauka, ka taka totur ta ɗan shaƙe kafin ta ɗauka. Kuma abubuwan da ke kawo shi suna da yawa: fulogi, koyil, nozul da ya toshe, famfon mai da ya gaji, datti a bakin totur, sensar iska, ko tiyo ya tsage yana zuƙo iska ta ɓarauniyar hanya. Ni sai da na canza fulogi huɗu da koyil biyu da famfon mai duk a kan "ina jin wannan ne", ashe wani ɗan tiyo ne ya tsage a bayan inji. Shi ya sa nake cewa kafin ka sayi komai, sayi sikana tukuna, wato na'urar da ke karanto matsalar da kwamfutar mota ta gano.

Motocin kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da soket ɗin OBD2 mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona sikanar.

Akwai ƙaramar nan mai igiya da ɗan allo, tana karanta lambar matsala tana gogewa, amma allon ya yi mini ƙanƙanta. Manyan irin na Autel da Launch masu kama da tablet kuwa na masu gareji ne, mai mota ɗaya bai buƙatarsu.

Ni dai tawa ita ce ƴar mitsitsiyar nan ta Bluetooth da ake haɗawa da waya, a buɗe ta da manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Dalili, lamba kaɗai ba ta gaya maka abin da ya lalace. In ta ba ka P0301, silinda ta ɗaya ce ke misin, wato ba ta ƙona mai daidai, to sai ka mayar da koyil ɗinta kan ta biyu, in lambar ta koma P0302 ka kama ɓarawo, koyil ne, in ba ta motsa ba duba fulogi ko nozul. Amma P0171 fa? Cewa kawai take iska ta fi mai yawa, ba ta ce daga ina ba. Nan ne waya ke nuna amfaninta, don za ka ga STFT da LTFT kai tsaye, wato yawan man da kwamfutar mota ke ƙarawa ko ragewa. In inji ya yi zafi ka haɗa su biyun suka wuce +10% a silo, ka taka totur inji ya kai juyi 2500 a minti suka sauko, kusan ko da yaushe iska ce ke shiga ta wani wuri. In kuma a silo lafiya lau sai ka taka suke hawa, zargi famfon mai ko tacar mai ko sensar iska. Da na san wannan da wuri wallahi da ban taɓa famfona ba.

To amma jabu, nan ne nake so a buɗe kunne. Yawancin masu arhar nan an rubuta musu ELM327, sunan guntun lantarki (chip) na wani kamfanin Kanada ne, Elm Electronics, kuma kwaikwayonsa aka yi. Kamfanin bai taɓa fitar da v1.5 ba amma ga su nan birjik da wannan lambar, kuma masu v2.1 ɗin da kake ganin sun fi sabunta sau da yawa su ne suka fi muni, an cire musu umarni da yawa, wata motar ma ba za su yi magana da ita ba sam. Na taɓa sayen irinta, ta haɗu minti biyu ta yanke, na yi ta zargin motar, sannan na manta ta a soket kwana biyar na zo batir ya mutu, don soket ɗin yana da wuta ko an zare makulli. In dole sai mai arha, nemi wadda aka ce tana da guntun PIC18F25K80, ka kuma gwada ta a jikin motarka kafin damar mayarwa ta wuce. In da hali ɗauki OBDLink ka huta, tana yin barci da kanta in an kashe mota. Mai iPhone ya tabbatar an rubuta tana aiki da iOS, da yawa Android kaɗai suke kamawa.

Har fulogin ma ba a bari ba, akwai jabun NGK da Denso, kwali kamar na gaske, ka sa su misin ya dawo ka ce sikana ta yi ƙarya.

Kar ka goge lamba sai ka rubuta ta. In kuma wutar cek inji ta dashbod tana ƙiftawa ba tsayawa ta yi ba, misin ɗin ya yi tsananin da zai iya ƙona katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, rage gudu ka nemi wurin fakawa.