Kati, Skrill ko PayPal: wa ke tsaya maka idan kuɗinka ya maƙale a shafin caca?

Kamfanonin da ke kai kuɗi tsakanin mai kati da shafin cacar wasanni abu ɗaya suke dubawa: kuɗin ya fita, kuma ya isa? Ba ruwansu da tikitin cacar da aka soke ko nasarar da aka ƙi biya. Rashin sanin wannan ne ke sa mutum ya shafe makonni yana buga ƙofar da ba tasa ba.

A ganinmu katin Visa ko Mastercard ya fi sauran amfani, domin banki na iya juyo da kuɗi idan an cire sau biyu, ko an cire bai shiga asusun cacar ba, ko wani ya taɓa katin ba da izini ba. Wa'adin kai ƙorafi banki galibi kwana 120 ne, kuma abin takaici, kunya kan sa wasu su yi shiru har ya wuce. A haɗa bayanan asusun banki, hoton tarihin asusun cacar da saƙon da aka aika wa kamfanin cacar. In sun ce sun riga sun mayar, a nemi lambar ARN mai lambobi 23, da ita banki ke bin sawun kuɗin.

Iyakar kati ke nan. Da zarar kuɗi ya shiga asusun cacar, a wajen banki an ba ka abin da ka saya. Wanda aka cinye shi ya koma yana cewa "ba ni ba ne", kamfanin zai kawo shaidar OTP ɗin da ya shigar da wayar da ya yi amfani da ita. Ƙorafin ya faɗi, a rufe masa asusun cacar.

Skrill da Neteller, wato walat ɗin ajiye kuɗi da turawa ta intanet, akwai sauri, amma turawa da su tamkar miƙa tsabar kuɗi ne hannu da hannu. Bankinka cika walat kawai ya gani, bai san inda kuɗin ya nufa daga nan ba. Ita ma PayPal, kariyar da take ba masu sayayya ba ta shafi caca ba.

Yawancin kuɗin da ke maƙalewa wajen cirewa kuwa tantancewa ce ta tsayar da su: sunan kati ya saɓa da na asusun, ko an nemi cirewa ta hanyar da ba da ita aka saka ba.

A riƙa duba sunan da ya fito a bayanan banki. A tsarin kati kowane irin ciniki yana da lambarsa, ta caca ita ce 7995. Idan ka saka kuɗi a shafin ƙwallo, sai ga sunan kantin tufafi, to an ɓoye cinikin ne, kuma galibi aikin marasa lasisi ne. Rikicin tikiti hukumar da ta ba da lasisi ake kai wa, irin wannan shafin kuwa babu hukumar da ke iko da shi.