Toyota Prius ta 2010 zuwa 2015: gaskiyar shan manta

Wannan Prius tana da injin fetur mai lita 1.8 da injin lantarki, ga batir mai bolt 201.6 a bayan kujerar baya. A gwajin hukumar muhalli ta Amurka tana shan kusan lita 4.7 a kilomita 100. A tuƙin yau da kullum, mai lafiya takan tsaya tsakanin lita 4.5 da 5.5.

Cikin gari ne take nuna kanta. A cunkoso injin fetur yakan mutu da kansa, kuma duk lokacin da ka taka birki a hankali, ƙarfin gudun yana komawa batir. Shi ya sa birkinta ke daɗewa bai cinye ba. Wanda ke fizgar mota ya kuma taka birki da ƙarfi, rabin ribar nan ya zubar. A babbar hanya, da ka wuce kilomita 110 a awa, injin fetur ne ke ɗauke da kusan komai, sai tazararta da ƙaramar mota mai fetur zalla ta ragu sosai. Gajeriyar tafiya ma ba ta yi mata daɗi, domin inji sai ya yi ta aiki har ya ɗau zafi.

Kuskure biyu ne direbobi suka fi yi. Giyar B, wadda ke rage gudu da injin fetur, ta gangara ce mai tsawo, ba ta ƙara caji ba ce. Sa motar a firi (giyar N) cikin cunkoso kuwa yana hana batir caji gaba ɗaya.

Inda take buƙatar ido shi ne fankar da ke sanyaya batir, wadda ke shaƙar iska ta gefen kujerar baya. In ƙura ta toshe ta, batir ya yi zafi, sai inji ya riƙa tashi babu dalili, mai ya tafi. Sai bututun EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji: yana cika da baƙin dauɗa, kuma in an yi sakaci gaskit ɗin kan inji na iya ƙonewa. Alamar wannan matsala ita ce kakkarwa da ƙara idan an tayar da ita da sanyi. Baƙin mai 0W-20 ake zuba mata, a riƙa duba shi, domin wadda ta yi nisan tafiya tana shan sa.

Ga mai zirga-zirgar gari, mota ce da ta cancanci kuɗinta, muddin an gwada lafiyar batirin da kwamfuta kafin a saya.