Na ja intanet gida a Jidda, mai haɗawa ya ƙi karɓar na goro

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu damuna da tambaya wai data a Saudiyya da arha ko da tsada, toh ga amsarku gaba ɗaya kowa ya huta.

Mu dai rusau ɗin Jidda na 2022 ne ya tashe mu, kamar yadda ya tashi Hausawa da yawa daga su Sabil da Karantina da Gulail, muka koma wata imara, wato benen haya, can arewacin gari. Da can kowa da datarsa a waya, amma yara sun tasa, aikin makaranta duk ta Madrasati, manhajar karatu ta makarantun Saudiyya, ake turo musu, uwargida kuma in ta zauna gaban YouTube sai kiran salla ke tashinta, da na lissafa abun da nake zubawa a layukan gidan duk wata sai na ga gara a ja na gida kawai.

Kamfanonin da za ka fi ji su ne STC da Mobily da Zain, sai Salam. Kuma abun iri biyu ne, ko faiba da ake jawo maka siririyar waya daga akwatin da ke jikin gini, ko rauta ta 5G wadda za ka saya ka jona a wuta shikenan. Kafin ka je wajen kowane kamfani fara neman haris, wato mai gadin imararku, shi ya san komai. Namu wani dattijo ne ɗan Sudan, ya ja ni bakin get ya nuna min akwatin, akwai lamba a jiki, ita za a fara tambayarka. Tun 2020 aka buɗe abun, ko wane kamfani ne ya dasa akwatin kana iya ɗaukar na wani ta cikinsa, shi ya sa suke ta rububin mutane. Kuɗi kam ni ban ga faiba ta kirki ƙasa da riyal 200 da wani abu a wata ba, harajin kashi 15 na ciki. Sannan a kiyayi mandubai ɗin nan, 'yan tallan kamfanonin, masu tare mutum a ƙofar mol da murmushi, ragin da suke faɗa na watannin farko ne, a ƙasan takarda akwai yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu, ka fita kafin lokaci ka biya tara.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki waya nake rubutu ba. Ranar haɗawa ce ta tsaya min a rai. An turo min saƙo cewa ma'aikaci zai zo bayan la'asar, ni kuwa da na san halin ma'aikata na shimfiɗa kafaɗa na ce sai dai gobe in Allah ya kai mu. Wallahi ina sallame salla wayata na ƙara, mutumin yana ƙasa. Wani ɗan Pakistan ne siriri, da tsaninsa da na'urar huda bango da komai nasa, bai ce in aro masa ko ƙusa ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya bi da wayar ta gefen silin a hankali yana manna ta yadda in ba an nuna maka ba ba za ka gan ta ba, da ya gama huda bango ya nemi tsintsiya ya share ƙurar da kansa. Sai ya ɗauki wayarsa ya nemi izini ya shiga ɗakin ƙurya yana gwada ƙarfin sabis ɗin, ya dawo ya ce a matsar da rautar daga bayan talabijin don katangar na cinye ta.

Ni kuma ɗan gida, na riga na naɗe riyal 50 a tafin hannu, da zai fita na miƙa masa a ɓoye yadda muke yi. Mutumin nan ya dafa ƙirji ya ce la la ya Hajji. Na ɗauka kawaici ne na sake turawa, ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi, ya ce in dai ina son taimakonsa in karanto masa lambar da ta shigo wayata don ya rufe aikin, in kuma an turo tambaya kan yadda ya yi in faɗi gaskiya. Ruwan sanyi kawai ya karɓa. Ina jiyo uwargida tana dariya a bayan labule, ni kuwa na tsaya da kuɗi a hannu kunya ta rufe ni.

Haba jama'a! Zuwana gida na ƙarshe, yaron da zai ɗaura wa Hajiya eriya tun hantsi yake cewa ga ni nan a hanya har aka yi isha, da ya zo kuma ni na sayi waya, ni na ari tsani a maƙwabta, na ba da kuɗin mai, ya ci tuwo, ya karɓi kuɗin aikinsa cif, sannan ya tsaya yana sosa ƙeya wai Alhaji ba a ga na yara ba. Kuma mu muka koya musu, don in ba ka bayar ba kai ne marowaci a unguwa. Mu ne dai masu kwashe batir da man dizal a turakun sabis, mu ne masu haƙe waya a sayar, in data ta zuƙe cikin dare sai a hau Facebook a yi Allah ya isa, gari na wayewa a sake saye. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50, an yi surutu an gaji, a cikinmu wa ya taɓa zama ya rubuta ƙorafi ya bi shi har ƙarshe?

Kar ku ɗauka mutanen nan waliyyai ne fa, tsoro ne. In ka kai kuka ga kamfani za su ba ka lambar ƙorafi, in kwana biyar suka wuce ba a gyara ba sai ka ɗaga zuwa hukumar sadarwa ta CST ta waya kana kwance a ɗaki, kuma kamfanonin ba sa son abun ya kai can ko kaɗan.

Nan ɗin ma da nasa ciwon. Ba iƙama ko fasfo mai biza ba layi, sai ka dangwala yatsa. Shi ya sa 'yan uwanmu marasa takarda ke zuwa da magiya a cire musu da sunanka, ka ji tausayi ka yi, mutum ya tara fatura, wato bil, ya sulale, bashin ya hau kanka har sunanka ya shiga Simah, inda ake ajiye bayanan bashin mutane, ka je neman wani abu a ce ana binka. Duk wanda ke nan ya riƙa duba layukan da ke kan sunansa ta Arqami, shafin hukumar CST, kyauta ne. Sannan babu a yi min haƙuri zuwa Juma'a, lokacin biya ya wuce su datse, ba wanda za ka kama wa ƙafa. Ranar da hakan ta faru da maƙwabcina sai da na tuna mai shagon layinmu a Kano da zai loda maka kati ya ce je ka Alhaji in an samu a kawo, wallahi na yi kewar gida.

Abun da ya fi ƙona min rai, ga sabis a nan kamar me, amma in na kira Hajiya ta imo hoton ya daskare tana ta ba na jinka, ba na jinka, wataran kuma wayar ma tana shagon caji don an kwana uku ba wuta.

Wanda bai da tabbas ɗin zama a gida ɗaya, musamman masu canza haya duk shekara, ya ɗauki rauta ta 5G wadda ake biya wata-wata ba yarjejeniya, amma ya ari ta wani ya gwada a cikin ɗakinsa da daddare tukun, don bayan isha kowa ya hau sai ta fara ja da ƙafa. Ni ragina ya kusa ƙarewa, na riga na ce wa haris duk mandubin da ya shigo imarar da takarda ya turo min shi sama in gani.