Gwajin iskar tsakar gini a kwamfuta: ya cece ni, amma sun ɓata min rai

Filaza ce mai hawa 4 na zana wa wani Alhaji a nan Kano, shaguna kewaye da fili a tsakiya, sama kuma rufin gilas. Irin wanda ya gani a Dubai yake so. Tun ranar da ya faɗa hankalina bai kwanta ba, don na san ranar Afrilu a garin nan, zafi kan haura digiri 40. Shi ya sa na kai zanen wurin wani kamfani da ke gwada tafiyar iska da zafi a kwamfuta. 'Yan aikinmu sun san su, sun kuma san ba su da arha.

Ranar da suka turo hotunan farko na daɗe a gaban kwamfuta ban motsa ba. Ƙasa shuɗi shar, hawa na biyu kore, ana ƙara sama launin na komawa ruwan goro, ƙarƙashin gilas kuwa jajir kamar garwashi. Cewa iska mai zafi tana tashi sama ba sabon labari ba ne, magina na da sun sani, shi ya sa suke ɗaga tulluwar soro su bar 'yar taga can sama. Abin da ya tayar min da hankali kibiyoyin da ke nuna inda iska ke bi ne. A hawa biyu na ƙasa iska na fitowa daga shaguna tana shiga tsakar ginin, yadda nake so. A hawa na huɗu sai ta juya. Zafin da ya taru ya rasa mafita, saboda kafofin da na bari a rufin sun yi ƙanƙanta, sai ya riƙa kutsawa cikin shagunan sama ta ƙofofinsu. Wato duk wanda ya kama haya a can, zafin ginin gaba ɗaya zai riƙa sha, da numfashin jama'a da hucin firji da na fitilu. Lissafin da na yi a baya da EnergyPlus, manhajar lissafin zafi da makamashin gini, bai nuna min haka ba, don in ba ka sauya masa tsari ba yana ɗaukar iskar fili guda a matsayin gauraye, sama da ƙasa zafi ɗaya.

Na buga hoton na kai wa Alhaji. Wata biyu ina roƙonsa mu rage gilas yana ƙi. Ya dubi jan nan, ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Malam, nan ne shagunan da zan fi tsadar haya?" Na ce nan ne, ranka ya daɗe. A zaman nan ya amince aka ɗaga rufin sama da hawan ƙarshe, aka faɗaɗa kafofin fitar iska, aka sa inuwa. A ranar har shi wa 'yan kamfanin albarka na yi.

Sai da na zauna karanta rahoton a tsanake na ci karo da abin da har yau yake ci min tuwo a ƙwarya. Bayanan yanayin da suka ɗora aikin a kai na Legas ne. Legas! Garin da zafinsa bai cika wuce digiri 33 ba, ga laima, ga iskar teku. Na kira injiniyan, ya ce wai tsarin tafiyar iskar ba zai sauya sosai ba. Na ce masa, injiniya, girman kafofin da ka ba ni fa, da wane zafi ka auna su? Ya yi shiru, daga baya ya ce sake gwajin sabon aiki ne, sai an ƙara kuɗi. Kuskurensu, aljihuna. Mako 3 ina jira, magina suna zaune, Alhaji yana kira safe da yamma.

Ga kuma hunturu. Ko kalma ɗaya babu a kan ƙura a rahoton. Duk kafar da ka buɗe a rufi a Kano dole ka sa mata raga, raga kuma tana rage iskar da ke wucewa, in ƙura ta toshe ta abin ya ƙaru. Ni na tuna musu, su da aka biya.

Gwaji na biyu ya nuna sai an ƙara faɗin kafofin fiye da yadda suka ce da farko. An yi. Zan sake yin irin wannan gwajin a duk ginin da ke da rufaffen tsakiya, amma ba a wurinsu ba. Yanzu an gama rufi, na sayi ma'aunin zafi guda 4, ɗaya a kowane hawa, ina jiran bazara.