Kwana 11 ina jinyar Baba a Asibitin Malam

Daga Gumel muka taho da Baba, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Kafin nan mun shafe wata uku a wani ƙaramin asibiti ana ba shi maganin taifot, jiki kuwa kullum sai ƙara lalacewa. Da aka ba mu takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Titin Zariya, wanda Kanawa ke kira Asibitin Malam, gabana ya faɗi. A garinmu ana cewa can ɗalibai ne ke koyon aiki a jikin mutum.

Ɗaliban kuwa suna nan. Tun da aka kafa asibitin a 1988, aikinsa ke nan: horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, da karɓar marasa lafiyar da ciwonsu ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci. Kowace safiya babban likita zai zagayo, su kuma suna biye da shi da fararen riguna. Ranar farko Baba ya juya musu baya.

Amma wata ɗaliba ce ta jawo kujera da yamma, ta ce, "Baba, sannu da jiki. Ban da maganin asibiti, me kake sha a gida?" Ta yi ta bi da shi a hankali, har ya faɗi abin da mu 'ya'yansa ba mu taɓa sani ba: shekara da shekaru yana sayen maganin ciwon jiki a kemis, yana sha duk daren da ya dawo daga gona, ga kuma hawan jinin da ba a kula da shi ba. Washegari ta karanta wannan a gaban malaminta. Gwajin jini da hoton ciki suka tabbatar ƙoda ce ta taɓu. Wata uku ba wanda ya yi masa wannan tambayar!

Sau uku aka yi masa wankin ƙoda, numfashi ya daidaita, kumburi ya saɓe. A nan wata nas ta gaya mini cewa tun 2002 ake dashen ƙoda a asibitin. Ni da nake zaton sai Indiya ko Masar.

Mai zuwa ya yi sammako, don jama'a daga Jigawa, Katsina har Nijar duk nan suke nufa. Ya riƙo takardar da aka turo shi da ita, tsofaffin sakamakon gwaji, da kwalin duk maganin da mara lafiya ke sha. Wankin ƙoda akwai cin kuɗi, mu sai da muka sayar da sa guda.

Ranar sallama Baba ya ce ba zai tafi ba sai an nemo masa "yarinyar nan mai tambaya". Tana aji, muka jira ta har bayan azahar, ya sa mata albarka.