Onyx: Gwani a Wuya, Amma a Laka Wuƙa Ta Fi Shi

Onyx ruwan toshe jijiyar jini ne na kamfanin Medtronic. A 2005 hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi don curarrun jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa kafin tiyata, daga baya likitoci suka gangaro da shi wuya da gadon baya. Kwalbarsa mililita 1.5 ce: narkakkiyar roba cikin sinadarin DMSO, da garin ƙarfen tantalum baƙi ƙirin domin a gan shi a hoton X-ray. Onyx 18 tsararo ne, yana kutsawa nesa; Onyx 34 ya fi kauri, na inda jini ke gudu da ƙarfi.

Abin yabonsa haƙuri. Gam ɗin NBCA, wanda shi ma ake toshe jijiya da shi, cikin daƙiƙoƙi yake kamewa, shi kuwa Onyx kamar kunu yake in ya fara hucewa: sama ta daskare, ciki na malala. Likita zai tura, ya tsaya, ya duba, ya ƙara. A wuya wannan na rage zubar jini sosai ranar tiyata.

Sai dai ba ya yafe ganganci. Dole a girgiza kwalbar aƙalla minti 20, in ba haka ba tantalum ya kwanta, a yi ta turi a makance. Siririn bututun da ake tura ruwan ta cikinsa ya zama mai jure DMSO, irin Marathon ko Apollo. Gaggawar tura DMSO na sa jijiya ta tsuke. Tsayawa fiye da minti biyu na toshe bututun, matsa shi da ƙarfi kuma ya fasa shi. In ruwan ya dawo baya da yawa, ya riƙe bakin bututun. Shi ya sa aka yi Apollo mai tsinkakken kai. Majinyaci zai kwana biyu numfashinsa na warin tafarnuwa, a gaya wa 'yan jinya tun da wuri.

A lakar gadon baya ne muke ja da baya. Yoyon jinin da ke kan fatar laka, inda jijiyar da ke kawo jini ta haɗe kai tsaye da mai kwashe shi, ba ya warkewa sai an rufe farkon jijiyar da ke kwashe jinin. Onyx kan tsaya kafin ya kai can, hoto ya nuna an gama, bayan watanni ƙafafu su sake yin nauyi, fitsari ya sake gagara. Idan kuwa reshen da ake bi shi ne ke ciyar da jijiyar gaban laka, kamar reshen da ake kira Adamkiewicz, ɗigo kaɗan ya isa ya shanye ƙafafu. Nan ba a taɓa shi sam. Buɗe baya a ɗaure jijiyar a yanke ta yana rufe yoyon kusan kowane lokaci, kuma da wuya ya dawo.