Babban littafin GAST ko ƙananan littattafan taƙaitawa?

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin babban littafin Bayoloji na GAST da ƙananan littattafan taƙaitawa da kika ce yarinyarki ta nace a saya mata, ni dai babban zan ce ki ɗauka, ba na ko shakka.

GAST ƙungiyar malaman kimiyya ce ta Gana, wato waɗanda ke tsayawa gaban allo su suka rubuta shi, kuma zane ya cika shi. Zanen nan shi ne maganar. Bayoloji a jarabawar WASSCE ta kammala sakandare takarda uku ce: ta farko tambayoyi 50 na zaɓi, ta biyu rubutu, ta uku firaktikal, kuma ta ukun ce mai maki mafi yawa, 80. A nan za a ajiye wa yaro kifi ko fara ko fure a gabansa a ce ya zana, ya sa wa kowane sashe suna, ya faɗi sau nawa zanensa ya fi ainihin abin girma.

Na ga amfaninsa a ɗakina a Aboabo. Ɗana yana aji 3 na sakandare, na dawo daga kasuwa da karfasa zan yi miya, sai ya ce in ara masa ɗaya. Ya shimfiɗa ta a faranti, ya buɗe littafin a gefe, ya fere fensir, yana ɗaga murfin kuncin kifin yana leƙawa, yana gwadawa da hoton. Sau huɗu yana zanawa yana gogewa, don malaminsu ya ce ba a yi wa zane inuwa, kuma layukan suna da rula ake jan su, kada wani ya haye wani. Sai bayan isha'i muka ci tuwo ranar, amma wallahi raina fes. Har kyankyasai ya riƙa tarawa a kwalba, ƙannensa na ihu. Littafin yanzu yana hannun 'yar ƙanwata, bangonsa ɗaure da salatif, shafukansa duk alamar fensir.

Ƙananan kuwa, na taɓa sayen guda biyu, har yau ina jin ciwon kuɗina. Hadda ce zalla. Za su iya taimakawa a takarda ta farko in jarabawa ta matso, iyakarsu ke nan.

Idan burinta likitanci ne a jami'ar KNUST ta Kumasi, ba C6 ake nema ba, A1 ake nema, kuma ba a samunsa in firaktikal ya zube.

Sai ki yi hattara wajen saye. Akwai masu buga na jabu su shimfiɗa a bakin hanya: takarda sirara, zane dishi-dishi, wani lokaci shafuka sun ɓace daga tsakiya. Ki shiga kantin littattafai sosai a unguwar Adum ta Kumasi, ki buɗe da hannunki, ki bi lambobin shafi. Tunda an sauya manhajar sakandare a 2024, ta fara tambayar malaminta bugun da suke bi. Masu tallan apor a WhatsApp kuwa, waɗanda ke cewa tambayoyi sun fito a tura musu kuɗi ta waya, ki raba ta da su, WAEC soke sakamako take yi.

In canji ya rage, ki haɗa mata da gilashin ƙara girma na hannu, fensir HB biyu da rula. Allah Ya ba ta sa'a.